Kiɗan Tonawa na intanet da kiɗan Tonawa na Kumasi

Yau hirarmu kan wani irin kiɗa ce da ya yi yawa a YouTube da Spotify. Kiɗa ne mai sanyi, ba waƙa, ba rawa, ana sa shi don barci ko karatu. Turawa na ce masa ambiyan. A cikinsa akwai wanda ake liƙa wa sunan Ashanti, a ɗora hoton wata fada ta zinariya a tsakiyar kurmi, fadar da ba a taɓa gina ta ba. Masu yin sa ba su ɓoye cewa duniyar almara suke zanawa ba. Tambayar ita ce, nawa ne na Ashanti a ciki, nawa ne na kwamfuta?

Mu dai Ashanti ba baƙi ba ne gare mu. Kakanninmu Tonawa suke ce musu. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin hanyar Gwanja da jakai, ta Bargu da Sansanne Mango da Yandi har Salaga, su kai kanwa da tufafi da fatu su ɗauko goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 Hausawa da yawa suka watsu, zangon Kumasi ya ƙara cika. Har gobe da wuya ka rasa unguwar da wani nata bai yi ci-rani a Kurmi ba. Don haka muna da bakin magana.

Daular Ashanti ta kafu ne wajen 1701, lokacin da Osei Tutu ya ci Denkyira da yaƙi, tare da bokansa Okomfo Anokye. Tarihin bakinsu ya ce a zamanin ne kujerar zinariya ta sauko, wadda suke ɗauka a matsayin ran al'ummarsu. Tun lokacin kiɗa ya zama wani ɓangare na mulki. Akwai fontomfrom, manyan ganguna na manyan sarakuna. Akwai kete, kiɗan fada mai ganguna lulluɓe da ƙyalle ja da baƙi. Akwai ntahera, ƙahonnin hauren giwa da ake busa wa sarki. Akwai adowa, wanda mata ke rera waƙarsa a wurin jana'iza. Kowanne da mai shi, kowanne da ranarsa, kamar dai yadda a wajenmu ba kowa ake buga wa tambari ko a busa wa kakaki ba.

Babban abin lura shi ne atumpan, ganguna biyu, ɗaya mai kaurin murya ɗaya mai siririya. Harshen Twi yana da karin sauti na hawa da sauka kamar Hausa, to da waɗannan muryoyi biyu makaɗi yake magana. Yakan jero sunayen sarakunan da suka shuɗe, ya faɗi karin magana, ya kira mutum da sunansa. Kafin ya fara ma sai ya gaida itacen da aka sassaƙa gangar da shi, da giwar da aka yi rufin gangar da fatar kunnenta. Baturen nan Rattray ya naɗi wannan magana ta ganga, ya rubuta ta cikin littafinsa na 1923. Kafin shi Bowdich, wanda ya shiga Kumasi a 1817, ya ba da labarin makaɗan fada a littafin da ya fitar a 1819. Daga baya ɗan ƙasa, Farfesa Kwabena Nketia, ya yi cikakken nazari a 1963. Wanda duk ya taɓa jin kalangu na faɗin taken wani, mutumin ya miƙe tsaye tsikar jikinsa na tashi, ya san abin da muke nufi.

Ingila ta ƙona Kumasi a 1874, ta kama Prempeh na ɗaya a 1896, aka yi yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, amma gangunan ba su mutu ba. Yau ma kowane kwana 42 ana bikin Akwasidae a fadar Manhyia, gaban Otumfuo Osei Tutu na biyu da ke kan gado tun 1999. Kun ga ba kiɗan wata ɓatacciyar daula ba ne. Masu shi suna nan da ransu.

Shi kuwa ambiyan tarihinsa gajere ne. Wani mawaƙin Ingila, Brian Eno, shi ya yaɗa sunan da faifansa na 1978, wanda ya tsara don filayen jirgin sama. Manufarsa kiɗa ya cika ɗaki kamar turaren wuta, in ka so ka saurara, in ka so ka manta da shi. A 1980 shi da Jon Hassell na Amurka suka fitar da wani faifai da ke kwaikwayon kiɗan ƙasashen da babu su a taswira. Daga wannan tushe, da kuma kiɗan fina-finai da wasannin kwamfuta, na almara ya tsiro.

To a nan gizo ke saƙar. An yi ambiyan don kada ya dame ka, an yi atumpan don ya kira ka. In mai haɗa kiɗa ya ɗauko sautin ganga ya rage masa gudu, ya lulluɓe shi da ƙarar ruwan sama da kukan tsuntsaye, sautin ya rage amma maganar ta tafi. Sau da yawa ma kayan kiɗan da ake ji ba na Tonawa ba ne. Jembe da kora na mutanen Mande ne, can Mali da Gine da Gambiya. Sai ka nemi dawuro, ƙarfen nan da ke riƙe lokaci a kiɗan Akan, ka rasa. Kama da wane ba wane ba ne.

Amma kada mu yi saurin cewa aro haramun ne. Tonawa da kansu sun yi aro. Gangar donno da suke matsewa a hammata daga arewa ta zo musu, ƴar uwar lunga ta Dagomba ce da kalangunmu. Seperewa, molonsu mai tsirkiya da yawa, dangin kora ce, kuma tarihin baka ya ce Osei Tutu ya ƙaunace ta ƙwarai. Koo Nimo na Kumasi ya ɗauki jita ta Turawa ya sa ta yi Twi. Bambancin shi ne waɗannan sun zauna da masu abin, sun koya, sun ba shi gurbi a rayuwarsu. Shi kansa Eno ya je Accra ya yi aiki da ƙungiyar Edikanfo, faifan ya fito a 1981 da sunansu a kai.

Ga kishiyar haka. A 1992 wasu Faransawa biyu masu suna Deep Forest suka ɗauki waƙar reno ta wata mata daga tsibiran Solomon, wadda masani Hugo Zemp ya naɗa, suka ɗora mata kiɗan na'ura. Faifan ya sayu a duniya, jama'a na zaton muryar kurmin Afirka ce, sunan matar bai fito a kai ba.

Saboda haka ma'aunin da muke gani mai sauƙi ne. In kun ci karo da irin wannan kiɗa, ku duba ko an faɗi kayan kiɗan da ke ciki, ko an ambaci makaɗin da ya buga, ko kuwa sunan Ashanti ado ne kawai na jan kasuwa. Wanda ya ce almara ce na ƙirƙira, ya faɗi gaskiya, a ji daɗinsa a yi barci. Wanda ya ce wannan shi ne kiɗan Ashanti na asali alhali bai san atumpan ba, ya yi wa mutane ƙarya.

Abin ya shafe mu, domin abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Gobe wani zai ɗauki algaita da kakakin fadar Damagaram ya zuba musu ƙarar iskar hamada, ya sa hoton raƙumi, yaranmu su ji a salula su ɗauka kiɗan kakanninsu ke nan. Maganinsa yana hannunmu. Duk wanda ya naɗi makaɗa a hawan salla ko wurin kokowa, ya rubuta sunan makaɗin, da garinsu, da taken da yake bugawa, da wanda ake buga wa, kafin ya tura a WhatsApp ko Facebook. Dattawan da suka san fassarar take suna raguwa, a tambaye su tun suna nan.

Allah ya sa mu dace. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.