Shin Da Gaske Zamanin Lalacewa Ne?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A lokacin da nake karatun adabin Larabci a jami'a, an kasa mana tarihinsa zango-zango: Jahiliyya, farkon Musulunci, Umawiyyawa, Abbasiyyawa. Daga nan aka zo kan wani dogon zango, tun faɗuwar Bagadaza a hannun Tatar a 1258 har zuwa shigar Napoleon Masar a 1798, aka ce sunansa Asrul Inhiɗaɗ, wato zamanin koma-baya da lalacewa. Hujjar da aka ba mu ita ce mawaƙa sun shagala da ƙawata lafazi, malamai kuma sun koma taƙaita littattafai da yi musu sharhi da hashiya. Na haddace, na amayar a jarrabawa, na wuce.

Wata rana ina kakkaɓe littattafan da muka karanta a zaure, sai na bi shekarun rasuwar mawallafansu. Ibnu Malik mai Alfiyya 1274. Nawawi mai Arba'una 1277. Mai Ajurumiyya 1323. Ibnu Kasir 1373. Ibnu Hajar mai Fathul Bari 1449. Suyuɗi, wanda ya kammala Jalalaini, 1505. Jikina ya yi sanyi. Ashe nonon da muka sha daga wannan zamanin aka tatso shi!

Ba na musun cewa akwai rauni. Ibnu Khaldun, da ya rubuta Muƙaddima a 1377, ya soki yawan taƙaice-taƙaice saboda yana wahalar da ɗalibi, ya kuma nuna yadda holewa da zalunci ke cinye daula tun daga ciki. To amma shi ciwo ya nuna a inda yake, bai yi wa ƙarnoni biyar kuɗin goro ba. Wannan hukunci na bai-ɗaya ya bazu ne daga ƙarni na 19, a alƙaluman Turawa masu nazarin Gabas da marubutan farfaɗowar Larabawa, waɗanda suka yi awo da mudun Turai. A yau manazarta irin su Thomas Bauer na Jamus suna ƙalubalantarsa.

'Yan uwa malamai, idan muka ce wa ɗalibi wannan zamani ruɓaɓɓe ne, sannan muka miƙa masa Ajurumiyya, da wace zuciya zai karanta ta? Mu bincika kafin mu yanke wa magabata hukunci, domin mu ma na baya za su auna mu.

Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum.