Bon Scott da Mashayun Ostireliya

Har zuwa 1966, doka a jihar Victoria ta Ostireliya ta tilasta a rufe mashaya da ƙarfe shida na yamma, a Kudancin Ostireliya kuwa sai 1967 aka soke ta. Da dare ya samu, masu mashaya suka shiga neman abin da zai zaunar da ma'aikata bayan an tashi aiki, sai suka fara ɗauko makaɗa. Daga nan wata sana'a ta kafu: samari huɗu ko biyar, jita da ganguna, lasifika a ƙure, a gaban leburorin da ba su san kara ba. Wanda ya burge su ya ci abinci, wanda bai burge su ba ya sha jifa.

A wannan fage mawaƙi Bon Scott ya goge. An haife shi a Forfar ta ƙasar Sikotilan a 1946, iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Ostireliya a 1952, daga baya suka zauna a Fremantle, garin tashar jiragen ruwa. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya yi zaman gidan horon yara, ya nemi soja aka ƙi ɗaukarsa, ya yi rabon wasiƙu. Ƙungiyoyin da ya shiga a baya, Valentines da Fraternity, ba su kai shi ko'ina ba. A 1974 ya yi hatsarin babur a Adelaide, ya kwana uku bai san inda kansa yake ba.

A shekarar ce ya shiga ƙungiyar AC/DC ta Malcolm da Angus Young, su ma 'yan ci-rani daga Glasgow. Ya girme wa Angus da kusan shekara tara, kuma ni a ganina wannan ratar ce ta gyara miyar. Yaran suna da hannu, shi kuma yana da labari: rashin kuɗi, bashi, kwana a mota tsakanin gari da gari. Yana rera su da siririyar murya mai kaushi, yana murmushin shaƙiyanci, kai ka ce tsiyar ma abin dariya ce.

Abin da ke ba ni dariya shi ne algaitar nan mai salka ta Sikotilan da ya busa a wata waƙarsu ta 1975. An ɗauka ya iya, tunda ya taso a ƙungiyar masu busa ta Fremantle. Ashe ganga yake bugawa a can! Dole ya zauna ya koya.

Faifan Highway to Hell na 1979 ne ya buɗe musu kasuwar Amurka. Bon bai ci moriyarta ba. Ranar 19 ga Fabrairu, 1980, aka tarar da shi a mace cikin mota a unguwar East Dulwich ta Landan, bayan daren shaye-shaye, yana da shekara 33. Iyayensa suka ce wa 'yan ƙungiyar kada su watse. Suka ɗauko Brian Johnson a madadinsa, suka fitar da Back in Black a watan Yuli, wanda ya ninka duk faifan da Bon ya yi a ciniki.