Asalin Kumburarren Hoto a Talabijin

A shagunan aski na Nyanya, da ɗakunan jiran baƙi na otal-otal ɗin Garki, da falon gidaje masu yawa a Kubwa, ana kallon hoton da ya karkace daga siffarsa ba tare da kowa ya damu ba. Ɗan wasa siriri ya zama gajere mai ƙiba, ƙwallon da ake bugawa ta koma kamar ƙwai. Masu gyara kan ɗora laifin a kan faifai, masu sayar da faifai kuma su ce na'ura ce ta lalace. Alhali babu abin da ya lalace. Siffofi ne guda uku, ta tsohuwar talabijin, da ta silima, da ta talabijin ɗin bango, kowacce da zamaninta, suka haɗu a falo ɗaya, aka bar mai gida da rimot ya sasanta su.

Siffa ta farko ita ce 4:3, wato faɗi huɗu tsawo uku. Daga fim mai faɗin milimita 35 da aka tsara a ɗakin binciken Thomas Edison a shekarun 1890 ta samo asali, talabijin kuma ta gaje ta. Da ita WNTV ta fara watsa shirye-shirye a Ibadan a 1959, da ita gidan talabijin na Kaduna ya biyo baya a 1962, da ita NTA ta haɗe tashoshin ƙasar a 1977. Amma tun kafin talabijin ta iso Najeriya silima ta riga ta sauya hanya. Kamfanonin fim na Amurka sun ga akwatin gida na janye musu 'yan kallo, sai suka faɗaɗa majigi, aka samu siffa ta biyu: a 1953 kamfanin Fox ya fito da tsarin CinemaScope a fim ɗin The Robe, hoton da faɗinsa ya ninka tsawonsa sau biyu da wani abu. Indiya ta bi sahu da Kaagaz Ke Phool a 1959. Saboda haka finafinan Indiya na shekarun baya da Kanawa suka kalla a gidajen silima na Plaza da Marhaba, idan suka koma kaset, sai an datse gefunansu kafin su cika akwati. Fim mai siffar 2.35:1 yakan rasa fiye da kashi 40 cikin 100 na hotonsa ta wannan hanya, har a ji jarumi na magana da wanda aka yanke daga allon.

Siffa ta uku, 16:9, sulhu ce aka ƙulla da lissafi. A 1984 wani injiniya mai suna Kerns Powers ya ba ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta Amurka shawarar ma'aunin da ya faɗo tsakanin 4:3 da faɗin silima, yadda kowanne zai shiga ba tare da asarar fili mai yawa ba. Ma'anar sulhun tun farko ita ce za a ga baƙin fili: a gefe biyu idan tsohon shiri ne, sama da ƙasa idan fim ɗin silima ne. Da DVD ya fito a Japan a 1996, an gina shi don ya yi wa talabijin iri biyu hidima. A tsarin PAL da Najeriya ke bi, faifan na ɗauke da ɗigo 720 a faɗi da 576 a tsaye ko wace siffa fim ke da ita. Mai faɗi matse shi ake yi a ciki, tare da alamar da ke cewa a buɗe shi. Matsalar ita ce wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja, da ke haɗa na'urar DVD da talabijin, aikawa kawai take yi, ba ta dawo wa na'ura da labarin irin talabijin ɗin da ke gabanta. Shi ya sa aka sa tambaya a saitin na'urar, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa: siffar talabijin ake tambaya, ba ta fim ba. Mai talabijin ɗin bango ya zaɓi 16:9, ya bar talabijin ɗin kanta a kan siffar asali, ba zaɓin cika allo ba. Mai tsohon akwati ya zaɓi 4:3 mai baƙin layi sama da ƙasa. In aka saɓa, hoto ya kumbura, ko ya rame, ko ya maƙale a tsakiya da baƙi ta ko'ina.

Mai cewa ya biya kuɗin allo gaba ɗaya a Banex ko kasuwar Wuse, don haka ba zai yarda a bar masa fili babu komai ba, ba wauta ya faɗa ba. A ƙaramin akwati mai inci 14, fim mai baƙin layi ƙanƙancewa yake yi har a kasa karanta rubutun fassara, kuma a wancan zamani datse gefe na da hujja. Sai dai allon yanzu ya girma, hujjar ta tafi. Miƙe hoton 4:3 ya cika 16:9 ba ya ƙara komai a abin da aka ɗauka. Kashi ɗaya cikin uku kawai yake ƙara wa faɗin kowace fuska. Kuma mu Hausawa ne wannan ya fi shafa, domin finafinan Kano na zamanin kaset da VCD, tun daga Turmin Danya na 1990, a 4:3 aka ɗauke su. Yaron da ke kallon su yau a miƙe bai taɓa ganin ainihin kamannin waɗancan 'yan wasa ba, kuma idan aka loda su a YouTube a haka, gurɓataccen ne zai rage.

Wasu na ganin HDMI ya kashe maganar, tunda ta wannan waya talabijin kan sanar da na'ura siffarta. Ya rage ta dai. An ƙaddamar da watsa shirye-shirye na dijital a Abuja a Disamba 2016, bayan gwajin Jos a Afrilun shekarar, kuma dikodar da ta shigo gidaje ta zo da tambaya iri ɗaya a saitinta, sau da yawa a haɗe da tsohuwar wayar nan mai kai uku. Tashoshin da ke sako tsofaffin shirye-shirye daga rumbunsu su ma sukan miƙe su tun daga can, inda rimot ɗin mai kallo ba zai iya gyarawa ba.