Jakin Itace da Ɗumamar Duniya: Darasi daga Karkarar Kano



Duk wanda ya san ƙofofin arewacin Birnin Kano a shekarun 1960 zai tuna ayarin jakunan da ke shigowa da sassafe daga ƙauyukan Ungogo, Minjibir da Dawakin Tofa. Itace suke kawowa, su koma gona da taki da toka. Manomin wannan yanki ba ya kayar da ɗorawa ko tsamiya ko gawo don girki. Rassa yake sarewa, bishiya ta sake tofo. Binciken Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya nuna cewa duk da cunkoson jama'a, itatuwan gonakin nan ba su ƙare ba, har bayan farin 1972 zuwa 1974.

Hikimar da ke ciki ita ce: iskar kabon da murhu ya fitar, sabon reshe ke sake shanye ta. Kwal da man fetur kuwa ajiyar ƙasa ce ta miliyoyin shekaru, kuma babu reshen da ke jiran hayaƙinsu. Tun 1896 Svante Arrhenius, mutumin Suwidin, ya lissafa cewa ƙaruwar wannan iska za ta ɗumama duniya. Kafin zamanin masana'antu yawanta kashi 280 ne cikin miliyan na iskar sararin sama; yau ta haura 420. Zafin duniya ya ƙaru da fiye da digiri 1 na Salsiyas, kuma 2024 ta fi duk shekarun da aka auna kafinta zafi. Rabon Afirka a dukkan hayaƙin kwal da mai da aka tara bai kai kashi 4 cikin 100 ba. Hausawa na cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. A nan wani ya ɗebo, bakin manomin Ɗambatta ke ƙuna.

Amma kada mu wanke kanmu sarai. Mota ta maye gurbin jaki, tana kwaso itace da gawayi daga dazuzzuka masu nisa, inda ake kayar da bishiya ɗungurungum. Tsadar gas da kananzir, musamman tun 2023, ta mai da gidaje da yawa ga murhu.

Saboda haka, ya ku ma'aikatan gona da na gandun daji, kafin ku kai wa manomi dashe, ku tambaye shi yadda kakanninsa suka yi girki ba su ƙarar da inuwa ba.