Farautar Guguwar Tonado a Karkarar Amurka

Farautar guguwa aiki ne na bin hadari a mota har a cim ma inda guguwar tonado za ta sauka, domin a auna ƙarfinta, a ɗauki hotonta, ko a sanar da hukuma cewa ta taɓa ƙasa. Ga wasu bincike ne na ilimi, ga wasu hanyar abinci, ga wasu kuma sha'awa ce kawai. Cibiyar aikin ita ce filayen noma da kiwo na tsakiyar Amurka, musamman jihohin Texas, Oklahoma, Kansas da Nebraska, kuma kakarsa daga watan Afrilu ce zuwa Yuni. Amurka tana samun tonado kimanin 1,200 a kowace shekara, adadin da babu wata ƙasa da ta kai shi.

Tonado ta bambanta da guguwar da aka saba gani da rani a ƙasar Hausa, wadda ke tasowa daga zafin ƙasa a rana tsaka, ta kwashe ƙura da karmami, ta mutu cikin ɗan lokaci. Ita tonado daga cikin hadari take saukowa, kamar mazurari mai juyawa, kuma mafi tsananinta kan tuge gida daga tushe, ta yi jifa da mota kamar gwangwani. Abin da ya sa ta fi yawa a tsakiyar Amurka shi ne haɗuwar iskoki uku: mai ɗumi da laima daga mashigin tekun Meziko, busasshiya daga tsaunuka da hamadar yamma, da mai sanyi daga Kanada. Idan iskar sama ta saɓa wa ta ƙasa a gudu da alkibla, sai hadarin gaba ɗaya ya kama juyawa. Daga irin wannan hadari ne manyan tonado ke fitowa, ko da yake mafi yawansu kan wuce ba tare da sun haifar da ita ba.

Tun kafin a fara bin ta da gangan, manoma ne suka fi kowa ganin ta kusa. Labarin da masana suka fi ambata shi ne na Will Keller, wani manomi a kusa da garin Greensburg na jihar Kansas. A ranar 22 ga Yuni, 1928, ya fita duba alkamarsa da ƙanƙara ta lalata, sai ya hango guguwa ta nufo gidansa. Ya shigar da iyalinsa ramin ɓuya da aka haƙa a ƙarƙashin ƙasa, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa. A daidai lokacin bakin guguwar ya ɗago daga ƙasa, ta wuce ta kansa. Ya ba da labarin cewa komai ya yi tsit, numfashi ya yi masa wuya, da ya ɗaga kai sai ya ga rami zagayayye mai faɗin mita 15 zuwa 30 ya miƙe sama, walƙiya tana haska bangonsa, ƙananan guguwoyi kuma suna ɓallewa daga gefensa. An buga bayanin a mujallar hukumar yanayi ta Amurka a 1930. Shekaru da dama bayan haka bincike ya tabbatar da cewa babbar tonado kan ƙunshi ƙananan guguwoyi masu zagaya ta, kuma su ne suka fi yin ɓarna.

Ana ɗaukar David Hoadley a cikin waɗanda suka assasa farautar, domin ya fara bin hadari a jihar Dakota ta Arewa a 1956, ya kuma kafa mujallar masu wannan sha'awa a 1977. Masana kimiyya sun shigo da tsari a 1972, lokacin da Cibiyar Binciken Hadari ta Ƙasa da ke garin Norman a Oklahoma ta fara tura ayari fili. Ribar farko ta zo a ranar 24 ga Mayu, 1973, a Union City: ayarin ya ɗauki hoton guguwar daga farkonta zuwa ƙarshenta, aka gwada shi da abin da na'urar radar ta nuna, sai aka gano cewa juyawar kan bayyana can sama a cikin gajimare kafin ta sauko ƙasa. A kan wannan ne aka gina gargaɗin da ake bayarwa a yau, wanda a matsakaici yake ba jama'a minti goma zuwa sha biyar su nemi mafaka.

Dalilin da ya sa har yanzu ake buƙatar idon mutum yana da sauƙin fahimta. Hasken radar a miƙe yake tafiya, duniya kuma a lanƙwashe take, saboda haka duk inda ya yi nisa da tashar, na'urar sama kawai take gani. A ƙauyen da ke nesa, tana iya nuna hadari yana juyawa amma ta kasa faɗin ko guguwa ta taɓa ƙasa. Wannan giɓin ne masu farauta da 'yan sa-kai da hukumar yanayi ta horar suke cikewa ta waya da rediyo. Mutane kuma sun fi gaggawar shiga rami idan an ce an ga guguwar da ido, fiye da idan an ce na'ura ce ta yi hasashe. A daren 4 ga Mayu, 2007, tonado ta rushe kusan kashi 95 cikin ɗari na wannan gari na Greensburg mai mutum kimanin 1,500, amma waɗanda suka mutu ba su kai ashirin ba, saboda gargaɗi ya riga ta isowa.

Yinin mai farauta kusan duka tuƙi ne da jira. Yakan duba taswirar yanayi da safe, ya zaɓi yanki, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita, sau da yawa kuma ya koma hannu rabbana. Da yake hadarin yakan tafi daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, gogaggu kan tsaya a kudu maso gabashinsa, inda ruwa bai rufe gani ba, kuma ba sa tsayawa sai sun san hanyar tserewa.

Masu bincike sun so fiye da kallo. A ranar 3 ga Mayu, 1999, radar da aka ɗora a kan babbar mota ta auna iska mai gudun fiye da kilomita 480 a awa a guguwar da ta afka wa Bridge Creek da Moore a Oklahoma. Injiniya Tim Samaras kuwa ƙananan na'urori ya ƙera, waɗanda yake ajiyewa da hannunsa a kan hanyar guguwa sannan ya gudu. A ranar 24 ga Yuni, 2003, tonado ta bi ta kan ɗaya daga cikinsu a Manchester ta Dakota ta Kudu, na'urar ta nuna faɗuwar nauyin iska da miliba 100 cikin 'yan daƙiƙu.

Abokan aikin Samaras sun san shi da taka-tsantsan, shi ya sa mutuwarsa ta girgiza su. A yammacin 31 ga Mayu, 2013, guguwa ta sauka a gonakin da ke kudu da El Reno a Oklahoma. Ruwa ya lulluɓe ta, ta sauya alkibla ba zato, ta ƙara gudu, ta kuma buɗe har faɗinta ya kai kilomita 4.2, mafi faɗi da aka taɓa aunawa. Da yawa daga masu farauta sun ɗauka suna gefenta, alhali suna cikinta. Ɗaya daga cikin ƙananan guguwoyinta ta riski motar Samaras a kan hanyar karkara, ya mutu tare da ɗansa Paul da abokin aikinsa Carl Young. Mutum takwas guguwar ta kashe, dukkansu a cikin mota.

Duk da haka, hanya ta fi guguwa cin rayukan masu farauta. Fim ɗin Twister na 1996, da shirye-shiryen talabijin, da wayar salula mai nuna radar, sun jawo dubban mutane, har da kamfanonin da ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a kan kuɗi. A ranar da aka yi hasashen babban hadari, ƙaramar hanyar ƙauye kan cika da motoci, su toshe wa motar asibiti da mazauna yankin. A watan Maris na 2017 masu farauta uku sun mutu da motocinsu suka yi karo kusa da Spur a Texas, sannan a Afrilun 2022 ɗalibai uku na Jami'ar Oklahoma suka rasu a hatsari a kan hanyarsu ta komawa daga Kansas. Ƙorafin jami'an tsaron karkara a kan wannan cunkoso yana da tushe, domin motar da ta zo neman hoton sayarwa ba ta ƙara wa gargaɗi komai.

Shawarar hukumar yanayi ga mazauna karkara ba ta sauya ba: a shiga ramin ƙarƙashin ƙasa, ko ɗaki na tsakiya marar taga a ƙasan gini mai ƙwari, a kuma bar gidajen tafi-da-gidanka, waɗanda kaso mai yawa na mace-mace ke faruwa a cikinsu. Fakewa a ƙarƙashin gadar sama kuskure ne da wani bidiyo na 1991 ya yaɗa, kuma ya yi sanadin mutuwar mutane a guguwar 1999.

Ma'aunin ƙarfin tonado, wanda Farfesa Tetsuya Fujita na Jami'ar Chicago ya fito da shi a 1971 aka kuma gyara a 2007, ɓarna yake dubawa, daga mataki na EF0 zuwa EF5. Guguwar da ta ratsa gonaki ba ta samu gini ba takan sami matakin da bai kai ƙarfinta ba. Ta El Reno, wadda radar ta auna iskarta fiye da kilomita 470 a awa, a mataki na EF3 aka rubuta ta.