A zauna ko a tashi? Tsohuwar gardamar mutanen Tambuwal da Kebbe

1/ Jiya da dare mun fi awa guda a waya da kawuna. Yana wani ƙauye a ƙasar Kebbe, ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, kun san dalili. Na ce Kawu, don Allah ku taso ku dawo cikin gari, ko Tambuwal ko Jega. Ya ce: "Ɗana, in tashi in bar ma wa gonag ga? Nan anka bizne cibiyata." Na rasa ta cewa. Zare ne, ku gyara zama 🧵

2/ Duk wanda ke da dangi a kudancin Sakkwato ya san wannan hirar. Yara na cewa a tashi, manya na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda ya tashi a ce masa matsoraci, wanda ya zauna a ce taurin kai ne zai kashe shi. Da na koma na karanta tarihin yankin, sai na ga gardamar nan ta haura shekara 200 ana yin ta a wannan ƙasa.

3/ Ga waɗanda ba su san wurin ba: in ka baro Sakkwato ka miƙi titin Jega, za ka wuce Boɗinga, Shagari, Dogon Daji, sai Tambuwal. Gaba kuma Aliero da Jega, jihar Kebbi ke nan. Kebbe tana can kudu da Tambuwal, ta bar babban titi. Kuma don Allah, Kebbe daban, Kebbi daban. Na gaji da gyara wa mutane wannan 😅

4/ Ku riƙe waɗannan alƙaluma, za mu dawo kansu. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Tambuwal tana da mutum kusan 225,000, Kebbe kusan 125,000. Amma Kebbe ta fi Tambuwal faɗin ƙasa nesa ba kusa ba. Ƙasa mai yawa, mutane kaɗan, ƙauyuka a warwatse, daji a tsakani.

5/ Mu fara daga Gimbana. Kafin jihadi, wani almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mai suna Malam Abdussalami, Ba'are ne, ya ga zama a ƙasar Gobir ya yi masa zafi. Ya kwashi jama'arsa ya yo kudu ya zauna a Gimbana, cikin ƙasar Kabi. Ya yi abin da nake roƙon kawuna ya yi: ya tashi tun kafin wuta ta iso.

6/ Wutar ta bi shi har can. A ƙarshen 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka faɗa wa Gimbana, suka kama mutane. Da aka zo wucewa da kamammun ta kusa da Ɗegel, jama'ar Shehu suka kwance su. Abin da ya biyo baya kun san shi: Fabrairun 1804 Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu.

7/ Mu a makaranta "hijirar Shehu" aka koya mana kamar sau ɗaya aka tashi. Ku ƙirga da ni: Ɗegel, Gudu, Sabon Gari a ƙasar Zamfara, Gwandu a 1805, Sifawa, sannan Sakkwato a 1815. Cikin shekara 11 ke nan, da mata da yara da tsofaffi da littattafai a bayan raƙuma. A wasu zangunan yunwa da ciwo sun ci mutane da yawa.

8/ A 1806, yana Gwandu, Shehu ya kammala littafinsa Bayan Wujub al-Hijra. Sunan kaɗai ya isa: bayani kan wajabcin hijira. Wato daular da muke tinƙaho da ita, wadda sarautun garuruwanmu suka samo asali daga gare ta, masu gudun hijira ne suka kafa ta. Ku tuna da wannan ranar da kuka ga matan ƙauye kwance a barandar makarantar firamare da ƙullin kayansu.

9/ To ina Tambuwal ta shigo? Bayan an ci yaƙi sai lissafi ya juya. Waɗanda suka sha tafiya yanzu su ne da ƙasa, kuma ƙasar na da maƙiya a gefe. Abdullahin Gwandu ya ci Birnin Kabi a 1805, amma Kabawa ba su miƙa wuya ba. Daga baya suka kafu a Argungu, a 1849 Yakubu Nabame ya sake ɗaga tuta, aka yi ta gwabzawa har zuwan Turawa, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga.

10/ Maganin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kawo shi ne ribaɗi. Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, a zuba masa mayaƙa da malamai da manoma da masu sana'a, a ce ku zauna nan, zamanku shi ne tsaron na bayanku. Har Fulani makiyaya Bello ya riƙa jawowa su zauna a gari.

11/ Tambuwal na cikin irin waɗannan garuruwa. Muhammadu Buhari, ɗan Shehu na cikinsa, shi ya zauna a nan, kusa da Gwandu, yana tsare wannan gefe na daula. Malami ne, mawaƙi ne da Larabci, mayaƙi ne kuma. Zuriyarsa ce ta ci gaba da riƙe sarautar garin.

12/ A nan nake so ku tsaya ku yi tunani. Lokacin da aka ce wa talaka ya zauna a Tambuwal duk da hatsari, ɗan Shehu ne ke kwana a cikin ganuwar tare da shi. In mahara suka zo, shi ma gidansa na ciki, 'ya'yansa na ciki. Bello kansa Wurno ya mayar wurin zamansa, ribaɗi ce ita ma, a can ya rasu a 1837, kabarinsa na can har gobe.

13/ Saboda haka "zama" a wancan zamani yarjejeniya ce. Kai ka zauna ka yi noma, ka fito in an buga tambari. Hukuma kuma ta yi maka ganuwa, ta ajiye maka dawaki da mayaƙa, ta aiko da ɗanta ya zauna da kai. Kowa da nasa kason. Yau an bar wa kawuna nasa kason, ɗaya kason kuwa sai a rediyo yake jin labarinsa.

14/ Kafin in wuce, ƙarshen Abdussalami. Bayan rasuwar Shehu a 1817 ya saɓa da Bello, aka yaƙe shi a Kware, ya fita da rauni ya rasu a Bakura a farkon 1818. Jama'arsa suka sake watsewa. Karo na nawa ke nan? Gobir, Gimbana, Kware.

15/ Ɗansa Buhari (wani Buharin daban, kar ku haɗa shi da na Tambuwal) shi ne daga baya ya kafa Jega. Jegar nan da ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa kafin ƙarni na 19 ya ƙare, wadda har yau mutanen Kebbe da Tambuwal ke kai kaya. Ragowar mutanen da aka tarwatsa ne suka gina ta. Wannan labarin yana daɗe mini a rai wallahi.

16/ Sai 1903. Ranar 15 ga Maris Turawan Ingila suka ci Sakkwato a filin Giginya. A nan ne gardamar zama da tashi ta kai ƙololuwa, domin manyan daula da kansu suka rabu biyu.

17/ Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ce ba zama ƙarƙashin Nasara, ya nufi gabas da niyyar kaiwa Makka. Dubban mutane suka bar gonaki da gidaje suka bi shi. Turawa suka cim masa a Burmi, ya yi shahada ranar 27 ga Yuli 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ƙarasa da sauran jama'a Sudan. Akwai gari mai suna Mai Wurno a bakin kogin Nilu, jikokinsu na can.

18/ Waziri Buhari kuma (na uku ke nan, sunan ya yi albarka a wannan zare 😄) ya komo Sakkwato bayan ya nemi shawarar malamai. Abin ya dame shi har ya rubuta wasiƙa ga ma'abota ilimi yana bayanin dalilinsa. Gundarin hujjar: in shugabanni duka suka tafi, wa za a bar wa raunanan da ba su iya tafiya?

19/ Shekara 120 da ɗoriya, ban ji wani mai hankali ya kira Attahiru matsoraci don ya tafi ba. Wazirin ma ana ambatonsa da girma a Sakkwato. Amma mu a nan muna zagin bazawarar da ta kwashi marayunta daga bakin daji ta koma Tambuwal. Haba jama'a.

20/ Zamanin Turawa ya kawo wata irin tafiya: cin rani. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, gero kuwa ba ya kawo kuɗin da zai isa. Da an gama kaka sai maza su ɗau sanda da gora su bi hanyar kudu, ta Jega da Yawuri da Kwantagora, wasu gonakin koko na ƙasar Yarbawa, wasu har Kumasi, wasu kuma gabas wurin haƙar kuza a Jos.

21/ Abin ya yi yawan da a shekarun 1950 wani Bature masanin ƙasa, Mansell Prothero, ya yi nazari na musamman kan masu fita daga Lardin Sakkwato. Masu dogon zango har suna gare su: 'yan tuma da gora. Ku tambayi kakanninku, da wuya a rasa wanda ya taɓa zuwa Kurmi a ƙafa a gidanku.

22/ Amma cin rani tafiya ce mai ranar dawowa. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa ya kamo hanyar gida da turmin atamfa da kuɗin haraji, wani da keke. Matarsa na nan, rumbunsa na nan. Hasali ma tafiyar ce ke riƙe ƙauyen, don bakin da ya tafi ya rage wa rumbu nauyi. Sunan ma ya faɗa: rani ake ci a waje, damina a gida.

23/ Shi ya sa ba na yarda in an ce mutanenmu ba su son fita. Mun fi kowa fita. Yaran Kebbe da Tambuwal na Legas, na Abuja, na Fatakwal, suna acaba, suna gadi, suna sayar da albasa. Ni kaina daga wani gari nake rubuta wannan. Abin da kawuna ke tsoro shi ne fitar da ba a san ranar komawa ba, wadda in ka juya baya wani zai sa shanu a gonarka, shekara uku daji ya cinye gidan.

24/ Yanzu ku dawo kan alƙaluman can na sama. A 1991 aka yanke jihar Kebbi daga Sakkwato, a 1996 aka yanke Zamfara. Kebbe da take tsakiyar tsohuwar jiha ta wayi gari a kusurwa: Gummi ta Zamfara a gefe guda, jihar Kebbi a ɗaya gefen. Ta sake zama bakin iyaka kamar zamanin ribaɗi, sai dai wannan karon ba ganuwa.

25/ Ɓarayin daji sun fi mu sanin amfanin wannan taswira. A yi ɓarna a jiha ɗaya, a kwana a wata, jami'in da ke bin sawu kuma iyakarsa iyakar jiharsa. Mutanen Kuchi, Ungushi, Girkau, Margai, Sangi, Fakku, su za su ba ku labarin yadda dare ke tsawo.

26/ Kuma abin da ke riƙe mutane ba ƙaramin abu ba ne. Gulbin Zamfara ya ratsa yankin, akwai fadama, akwai shinkafa, akwai noman rani. Mutumin da ke cika rumbu biyu, ana sallama a ƙofar gidansa ana ce masa maigida, ka ce ya koma birni ya zauna a shagon haya yana jiran ɗan ƙanwarsa ya turo masa dubu biyar. Na fahimci abin da ya sa muryarsa ta canza da na faɗa.

27/ Tambuwal ta fitar da Kakakin Majalisar Wakilai a 2011, wanda ya yi gwamna daga 2015 zuwa 2023, yanzu yana Majalisar Dattawa. Ba siyasa na zo yi ba, kuma matsalar ta fi ƙarfin mutum ɗaya ko jam'iyya ɗaya. Tambayata ga duk mai riƙe da muƙami daga yankin, ko na wace jam'iyya ne: yaushe rabonka da kwana a ƙauyen da kake cewa mutane su yi haƙuri su zauna? Ɗan Shehu dai ya kwana.

28/ Yadda muka ƙare da Kawu: ya yarda inna da yara ƙanana su koma wurin 'yar uwarsa a Tambuwal ranar kasuwa mai zuwa. Shi da babban ɗansa za su tsaya sai an yanke dawa. Na ce bayan nan fa? Ya ce: "Bari dawa ta shigo gida tukuna, sannan mu ga abin da Allah ya yi."

29/ Na tura kuɗin mota da safen nan. In kai ɗan yankin ne, tambayi tsohon gidanku daga ina kakansa ya taso kafin ya zauna inda kuke, ka rubuto min a ƙasa. Namu, in ji Kawu, daga wajen Gummi suka zo, shekarar wata yunwa.