Lasifika da ɗakin da za ta zauna a ciki

A shekarar 1895 Jami'ar Harvard da ke Amurka ta ɗora wa wani matashin malamin kimiyya, Wallace Sabine, aikin gyara wani zauren lacca da ba a jin magana a cikinsa. Idan mutum ya furta kalma, sai amonta ya daɗe yana yawo fiye da daƙiƙa biyar, har ta cuɗe da kalmomin da ke biye da ita. Sabine ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani zaure cikin dare, yana jera su, yana auna daɗewar amo da agogo. Daga nan ya gano cewa girman ɗaki da yawan abubuwan da ke shanye sauti a cikinsa su ne ke ƙayyade yadda kunne zai ji. Da wannan ilimi aka tsara zauren kiɗa na Boston da aka buɗe a 1900.

Lasifika irin wadda aka sani yau ta biyo baya, domin a 1925 ne Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric suka bayyana fasalinta. Matsalarta ita ce sauti mai kauri, irin na babbar ganga, wanda ke buƙatar a motsa iska mai yawa, alhali amfilifayar wancan zamani ba ta wuce 'yan wat kaɗan ba. Saboda haka duk mai son kaurin sauti sai ya nemi akwati ƙato.

Injiniya Paul Klipsch ya ɓullo wa lamarin ta wata hanya. A 1946 ya kafa kamfani a garin Hope na jihar Arkansas, inda ya fara ƙera Klipschorn, lasifikar da aka naɗe ƙahonta a cikin akwati, aka kuma tsara ta don ta zauna a kusurwa, ta yadda bango biyu da daɓen ƙasa za su zama ci gaban ƙahon. Wat ɗaya ya ishe ta cika falo da sauti, amma sharaɗinta shi ne kusurwa mai ƙwari.

A 1954 Edgar Villchur, tare da Henry Kloss, ya kafa Acoustic Research bisa wata dabara dabam: a rufe akwatin ruf, iskar da ke ciki ta zama ita ce ke mayar da faifan lasifika wurinsa. Akwatin ya ƙanƙance har yana hawa kanta, kaurin sauti bai ragu ba, sai dai yana cin wuta sosai. Zamani ya goya masa baya. A 1958 faifan sitiriyo ya shiga kasuwa, kowane gida ya koma buƙatar lasifika biyu, kuma ba kowane falo ke da kusurwa biyu da suka dace ba. Daga bisani taransisto ta sa amfilifaya mai ƙarfi ta yi araha.

Duk da haka manyan lasifikoki ba su ɓace ba, kuma har yau ana ƙera Klipschorn. Abin da bai sauya ba shi ne lissafin ɗaki. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka a ɗaki mai tsawon mita 5 sautin da ke karkarwa sau 34 a daƙiƙa zai riƙa kai da komo tsakanin bango biyu, ya yi rugugi a wani wuri, ya kusan ɓacewa a wani. Babbar lasifika ita ce ke iya kaiwa ga wannan zurfi, ita ce kuma ke tayar da rugugin. Matso da ita jikin bango yana ƙara kaurin, kusurwa kuwa ta fi ƙarawa.

Wannan ne ya sa masu sanin harkar ke fara auna ɗaki kafin su je kasuwa: tsawonsa da faɗinsa, tazarar kujera daga lasifika, da ko akwai filin da za a janye akwatin daga bango. Ɗaki mai bangon siminti da daɓen tayil yana mayar da amo da yawa. Labule mai nauyi da kafet da kujerun katifa suna rage shi, kamar yadda matasan Sabine suka yi, amma ba sa taɓa rugugin sauti mai kauri sosai. Maganin wannan yana cikin wurin da aka ajiye lasifikar da wurin da mai sauraro ya zauna.